Yajin Kogin Zabuwa

In aka ce maka kogi ya ƙafe, ba ka ji sabon abu ba, kowane rani ana yi. Amma mutanen Kwarin Gauta nasu kogin ba ƙafewa ya yi ba, yaji ya yi. Wata safiya mata suka gangara da tuluna, sai suka tarar da Kogin Zabuwa ya juya yana hawa tudu, yana komawa Dutsen Rawani inda ya fito, da kifayensa da kadojinsa da komai. Wata ta jefa ganye don ta tabbatar ba idonta ba ne, ganyen ya bi ruwa ya yi sama. Kafin rana ta take, ba abin da ya rage sai yashi da jiragen masunta a kwance.

Kuma wane irin kogi! Ni dai ban ga na biyunsa ba. An sa masa Zabuwa ne saboda ruwansa ɗige-ɗige ne, nan ja, nan baƙi, nan fari tas, suna tafe tare ba sa gauraya sai sun wuce gari. Albasar bakinsa sai ka sa hannu biyu ka ɗauki guda. Mutanen garin kuwa ba butulu ba ne, a ganinsu. Kowace kaka sukan yanka farin rago, su dama fura, su kai bakin ruwa, mai gari ya ɗaga murya ya gode wa Uwar Ruwa, wadda aka ce tana zaune can a ƙolin dutse tana aiko musu. Ita kaɗai suke ambata, tun kaka da kakanni.

Da kogi ya tafi, ruwan da ya rage a garin bai wuce wata 'yar ƙorama ba, siririya, mai bi ta ƙarƙashin yashi a bayan gidan wani tsoho makaho, Baba Nomau. Shi yake kiranta 'Yar Auta. Kullum da safe sai ya lallaba ya zauna a bakinta, ya gutsuri goronsa ya jefa mata, yana mata hira kamar mutum. 'Yarsa Tasalla, mai noman albasa, ta yi faɗa har ta gaji.

"Baba, goron nan ba tsinto shi nake yi ba fa! Ka ci abinka, ka bar ciyar da kwaɗi."

Shi dai sai ya yi dariya. Tasalla kuwa, Allah ya yi mata zuciya mai kyau, amma bakin nan nata, sai dai a yi haƙuri. Ba ta taɓa ganin abu ta haɗiye ba, ko a gaban mai gari ne.

'Yar ƙorama ba ta ɗaukar gari. Shuka ta ƙone, awaki suka fara faɗuwa. Samarin da aka tura su bi sawun kogi suka dawo a guje, ba wanda ya iya faɗin abin da ya gani. Sai Mai gari Korau ya sa aka yi shela: in sabon wata ya tsaya ruwa bai dawo ba, gari zai tashi, kowa ya ɗaure kayansa.

Baba Nomau ya ce shi ba inda za shi. Ƙafafunsa ma sun daina ɗaukarsa, kuma ko an ɗora shi a jaki, kowa ya san ba zai kai ba. Tasalla ta duba, ta ga abu biyu ne: ko ta tafi ta bar ubanta ya mutu shi kaɗai, ko ta zauna su mutu tare. Ta ɗaura ɗamara ta nufi ƙofar mai gari.

"Ranka ya daɗe, tunda mazan sun dawo da wanduna a hannu, a ba ni saƙon ni in kai wa Uwar Ruwa. In bikon ne, ai mu mata mun fi ku sanin kansa."

Aka haɗa mata ƙwarya cike da farin goro, aka rufe da faifai. Da ta je sallama, Baba ya riƙe hannunta ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, 'yar nan. Ki gaishe min da yaran."

"Waɗanne yara kuma, Baba? Wurin Uwar Ruwa za ni." A ranta ta ce tsufa dai ba daɗi.

Ta bi busasshen kwarin kogi ta yi ta hawa. Ta wuce gonaki, ta wuce inda makiyaya suke tsayawa, har ta iso wurin da wani kwari ya shigo daga gabas ya haɗu da babban. Ƙasarsa ja wur, gangarensa ja, har tsuntsayen wurin jajaye ne. Tana taka tsakiya sai laka ta kama ta, ta haɗiye ta zuwa gwiwa, zuwa ƙugu, zuwa ƙirji. Ta ɗaga ƙwarya sama tana salati. Sai ga wata mace ta ɓullo daga jikin gangaren, doguwa, hannayenta jajaye har gwiwar hannu kamar amaryar da aka yi wa ƙunshi. Ta sa yatsa ɗaya ta cire Tasalla ta ajiye a kan tudu.

"Ya ke 'yar Adam, ni ce Mai Lalle. Daga jajayen tuddan gabas nake sauka, in gogo ƙasarsu in ɗauko a bayana. Jan nan da kike gani a koginku nawa ne, shi ne yake kwanciya a fadamarku. Ina za ki?"

"Allah ya ja zamaninki, wurin Uwar Ruwa za ni. Na gode, na gode."

Mai Lalle ta dubi ƙwaryar goro, ta daɗe tana dubanta. Tasalla ta ƙara rungume abinta, ta ce, "Wannan na Uwa ne." Matar ta juya ta koma cikin gangare.

Gaba kaɗan kwari ya tsuke, wani kuma ya shigo daga yamma, ta cikin kurmin da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Kai, jama'a, abin da ta gani a kurmin nan! Kifaye ne jere a kan rassa suna hutawa, tarwaɗa a sama, ƙarfasa a ƙasa, suna kallonta. Hanya ta rabu ta sake rabuwa, duk wadda ta bi sai ta dawo gindin kuka guda. Ta zauna ta fara zagin kurmin da wanda ya shuka shi. Wani tsoho baƙi ƙirin, gemunsa na saiwoyi, ya taso daga cikin ganyaye yana tafiya a hankali.

"Ya ke mai kaifin harshe, ni ne Duhuwa. Ba na sauri, ba na ƙara. Ruwan sama nake tarawa a ƙarƙashin itatuwan nan da damina, in riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Da rani, in kowa ya gaza, ni nake riƙe koginku. Biyo ni."

Ya fitar da ita har bakin kurmi. Shi ma ya tsaya, ya dubi ƙwarya. Ita kuwa ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Wannan na Uwa ne." Ta yi gaba abinta.

Daga nan sai dutse ya miƙe tsaye a gabanta, sumul, ba wurin sa ƙafa. A nan ne ta cim ma jelar kogin, farin ruwa yana zuba, amma daga ƙasa zuwa sama, yana rugugi har haƙoranta na kaɗawa. Wani ƙato ya fito daga cikin kumfa, faɗin ƙirjinsa ya kai ƙofar zaure, ya yi magana dutse ya amsa.

"Ni ne Mai Ganga! Daga kafaɗar dutse ta arewa nake faɗowa, inda gajimare yake kwana. Ni nake fasa duwatsu in niƙa su yashi, ni nake ba koginku ƙarfin gudu. Hau tafin hannuna, 'yar Adam, ki rufe ido."

Ta hau. Iska ta kwashe mata ɗankwali, kunnuwanta suka toshe, ba ta ankara ba sai ga ta a ƙoli, gajimare na shafa mata fuska. Ƙaton ya bar tafin hannunsa a buɗe a gabanta. Wallahi a buɗe ya bar shi, ko yaro ya gane. Tasalla ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta gyara faifan ƙwarya ta wuce.

Ta tsaya ta waiga. Ƙasa gaba ɗaya a shimfiɗe: ga jan kwari daga gabas, ga baƙin kurmi daga yamma, ga farar hanyar Mai Ganga, ga ƙananan kwaruruka ba iyaka, kowanne ya gangaro ya sami ɗan'uwansa, kamar jijiyoyin bayan hannun tsohuwa. Can ƙasa, ɗan mitsitsi, garinsu. Ba ta taɓa sanin haka abin yake ba, ta ce tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan.

Ta shiga neman fadar Uwar Ruwa. Ba fada, ba dogari. Sai wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa a gindin wani dutse, riƙe da ludayi, tana tarar ruwan da ke ɗiga daga tsaguwa, ɗis, ɗis. In ya cika ta juye a ƙasa.

"Sannu, Iya. Don Allah ina Uwar Ruwa take?"

"Ga ta kina magana da ita."

Tasalla ta saki baki. "Ke? To ina kogin?"

"Ga nawa nan a ludayi. Da shi nake farawa, shi ya sa ake kirana Uwar Ruwa. Sauran duk na waɗanda kika wuce ne. Ni nake aike, su suke ɗauka, su ƙara da nasu, su sauke a ƙofarku. Ragunanku suna iso ni, na gode, ko da yake ba ni da haƙoran ci. Amma gaya min, 'yar Adam: a garinku, in maƙwabciya ta aiko miki da tuwo, yarinyar da ta kawo haka take komawa?"

"Haba, Iya! Wa zai yi wannan abin kunya? Ai ko ƙwayar gyaɗa ce sai an ba ta tukuici."

Tana rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Ta tuna idon Mai Lalle, ta tuna tsayuwar Duhuwa, ta tuna tafin hannun nan a buɗe. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Tsohuwa ta ƙwanƙwasa dutse da ludayi, dutse ya buɗe. Ashe cikinsa birni ne. Ganuwarsa ruwa ne a tsaye, soraye na ruwa, tituna na ruwa, haske na ratsa su kore da shuɗi, kadoji kwance a ƙofofi suna gadi. Duk Kogin Zabuwa yana nan a naɗe. A tsakiyar fili rafuka suka zauna sahu-sahu, manyan nan uku a gaba, ƙanana a baya, wasu ma ba su fi yaye ba. Wuri ɗaya ne kawai ba kowa, wata 'yar tabarma a can gefe.

Tasalla ta durƙusa ta buɗe ƙwarya. "Ranku ya daɗe, mun yi laifi, ni ce ma kan gaba. Ga goro, ku raba."

Duhuwa ya girgiza kai. "Sai da aka gaya miki. Wannan ba ma so. Ajiye wa Uwa kayanta."

Mai Ganga ya buga ƙasa. "A bar su su tashi! Tun kafin a haifi kakanninsu nake faɗowa daga dutse da ka, ba wanda ya taɓa ce min sannu."

Mai Lalle ta ce, "Ƙanwarmu ƙarama, mai bi ta bayan gidanku, ta ƙi biyo mu, ga tabarmarta can. Ta ce akwai mutunci a garin, mu ba mu gani ba. To, a gwada. Ya ke 'yar Adam, za ki zama 'yar aike irinmu. Ga tulu, kowannenmu zai zuba nasa. Ki ɗauka a ka har garinku. Ɗan aike ba ya taɓa saƙo, saboda haka ko ɗigo kada ki sha. Tulun ba zai ƙare ba sai kowa ya sha. In kafin na ƙarshe ya haɗiye wani ya ba ki tukuici don kansa, muna tafe. In kika roƙa, ko kika yi habaici, ko kika faɗi sharaɗin nan, ko kuwa ba wanda ya ba ki, kun rabu da mu har abada. Kin yarda?"

Habaici ma an hana! Ai da cewa suka yi ta ɗauki dutsen, da ya fi mata sauƙi. Ta tuna Baba, ta ce, "Na yarda."

Saukowa ta fi hawa wuya, don yanzu ba mai taimako. Ta bi ta bayan dutse, ta wata 'yar hanyar awaki, tulu na danna mata wuya. Rana ta buɗe. Ruwan yana motsi a kanta, tana jin sanyinsa a tsakar ka, maƙogwaronta kuwa ya bushe ƙamas. A kurmi kifaye suka yi ta kiranta daga rassa, "Kurɓi kaɗan, wa zai gani?" Ta ce musu, "Ku ci gidanku," ta wuce. A jan kwari ƙaya ta shige mata ƙafa, ba damar sunkuyawa, haka ta taka ta har ta karye a ciki. Leɓɓanta suka tsage. Tana tafe tana cewa a ranta, ashe haka suke ji, kullum, kullum.

Ta iso Kwarin Gauta ta tarar an ɗaure kaya, jakuna a tsaye, don ana sa ran ganin wata a yammacin nan. Wani ya hango ta ya yi ihu, "Ruwa! Uwar Ruwa ta aiko!" Kafin ta sauke, an sauke mata. Aka yi caa a kan tulu, wannan ya ɗiba, wancan ya ɗiba, tulu bai ragu ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Mai gari Korau ya sha ya goge gemu, ya juya ya fuskanci dutse ya ɗaga hannu.

"Mun gode, Uwar Ruwa! Bana raguna biyu za mu yanka!"

Ita kuwa tana tsaye a gefe, ƙafa na jini. Wata ma ture ta ta yi don ta kai ga tulu. Ba mugunta ba ce, ƙishi ne da murna, amma ni abin yana ba ni haushi har yau. Maganganu suka taru a bakin Tasalla, irin waɗanda in ta saki ɗaya sai mai gari ya nemi wurin ɓuya. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Tana kallo layi yana raguwa, yara suka sha, tsofaffi suka sha, ruwan tulu ya fara ja da baya. Da na ƙarshen layi ya ɗaga kai, saura ɗan kaɗan a gindi.

Wani ya ce, "Saura Baba Nomau. Tun shekaranjiya bai tashi ba."

Ta juye ragowar a ƙoƙo, ta nufi gida tana jan ƙafa, jama'a na bin ta a baya. Ta same shi kwance a zaure, ya rame, numfashi sama-sama. Ta ɗago kansa ta kai ƙoƙon bakinsa. In ya haɗiye, shi ke nan. In ta hana shi, ƙishi zai kashe shi a hannunta. Ta rufe ido ta ce, "Baba, ga ruwa."

Leɓensa ya taɓa ruwan. Sai ya tsaya, ya shinshina.

"Wannan akwai jar ƙasa a ciki. Akwai sanyin kurmi. Daga nesa ya zo." Ya ture ƙoƙon kaɗan. "Wa ya ɗauko?"

"Ni ce, Baba."

"A ka? Tun daga can?"

"A ka."

"Kai, sannu, 'yar nan. Sannu. Tsaya tukuna."

Ya shiga laluben hularsa. Ya daɗe yana lalube, har wani a baya ya ce tsohon ya sha mana. Can ya zaro wani ɗan guntun goro, busasshe, ya yi baƙi, wanda ya ɓoye wa 'Yar Auta don gobe da safe. Ya kamo hannunta ya danƙa mata.

"Ungo, ba yawa. Ba a karɓar saƙo a sallami ɗan aike hannu wofi."

Sannan ya sha. Tasalla, wadda ba a taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da mijinta ya rasu, ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

Mutane suna tambayar juna me ya same ta, sai aka ji ƙasa na rawa. Daga wajen dutse wani rugugi ya taso. Baba Nomau ya karkata kunne, fuskarsa ta washe.

"Mai Ganga ne a gaba, ɗan banzan gaggawa. Ga Mai Lalle nan a bayansa. Duhuwa sai ya ga dama, ku ba shi lokaci."

Aka ruga bakin kwari. Ga Zabuwa nan tafe, ja da baƙi da fari, ya cika gaɓa da gaɓa, jiragen masunta suka tashi suna rawa a kansa. Aka kwance kayan jakuna. Da bakin Tasalla ya samu 'yanci kuwa, mai gari da mutanensa sun ji abin da ba su taɓa ji ba.

Har yanzu ana yanka wa Uwar Ruwa ragonta. Amma in ka bi kwarin da kaka, za ka ga mutanen Kwarin Gauta suna hawa da goro a aljihu, duk inda wani rafi ya shigo, komai ƙanƙantarsa, su tsaya su gutsura su jefa, su ce sannu da hanya.

Washegarin ranar da kogi ya dawo, da sassafe, Tasalla ta goyi ubanta a baya ta kai shi bakin 'Yar Auta. Ya shafa hula, ya tuna ba komai a ciki. Ta kwance bakin zanenta ta fito da guntun goron nan, ta raba biyu da ƙyar, ta sa masa rabi a hannu.

"Jefa mata, Baba. Ɗayan kuma nawa ne, ni na wahala."